Ɗakin Iska na Dallatu Magini

Dallatu magini ne a ƙauyenmu, can bayan Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin dangar wani. Magana ma tsada take yi masa. In ka gaishe shi yana kan katanga, curin laka kawai zai ɗaga maka. Da can ba haka yake ba, shekarar sanƙarau ce ta mai da shi haka.

A bazarar nan aka kwantar da 'yarsa Sakinatu a ɗakin shan maganinmu, mai rufin kwano, wanda da rana ba shi da maraba da tanda. Wuyanta ya sanƙare, zufa na tsiyaya. Da azahar ta kamo rigarsa ta ce, "Baba, iska."

Iskar shaƙa yarinyar ke roƙo. Shi kuwa da ya ga idanunta sun kafe a sama, sai ya ɗauka iskokai take gani. Ya rufe taga ruf, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya turara tazargade. Kafin la'asar ta cika. Malamin asibiti ya rantse masa cewa ciwon ne ya ɗauke ta, ko taga na buɗe ko tana rufe. Dallatu ya ce to, amma zuciyarsa ba ta karɓa ba.

Bayan an share makoki muka fara ganinsa tsugunne gaban wani suri a gefen gonarsa, yana zura hannu cikin ramukan gara. Mu da ko fitsari ba ma yi kusa da suri don tsoron mutanen ɓoye, muka ce shi ke nan, Dallatu ya taɓu. Na yi ta maza na tambaye shi.

"Sa hannunka ka ji," in ji shi. Na ce a'a, ni ina da iyali. Ya ce, "Ciki da sanyi, Malam Uwaisu. Ƙwaro ma ya san 'ya'yansa na son numfashi."

Da kaka ya roƙi mai gari fili kusa da ɗakin maganin, ya hau gini shi kaɗai. Katanga mai kauri ta tubali, ƙananan kafofi a ƙasa ta wajen inuwar darbejiya, sai doguwar kafa a tsakiyar soro inda zafi zai fice. Yana gamawa mutane suka raɗa masa Ɗakin Iska, kuma ba iskar shaƙa suke nufi ba.

Bazara ta zagayo, ciwon ya dawo. Mata suka gwammace su cunkusa 'ya'yansu ƙarƙashin kwano. Dallatu na zaune a gindin darbejiya yana kallon ɗakinsa wayam, yana ramewa. Burinsa ɗaya ne, ko yaro guda ya kwanta ciki ya sha iska. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ran nan wata mata, Hure, ta zo daga wata unguwa goye da ɗanta, ta tarar ba masaka tsinke a ɗakin maganin. Ta nufi Ɗakin Iska, aka gargaɗe ta. Ta ce, "Aljanin da ke son sa ya zo ya same ni a ciki." Ta shige. Malamin asibiti ya bi ta da allura, yana ta bismillah.

Bayan 'yan kwanaki, rana na tsaka, ta fito ta nufo gindin darbejiya.

"Baba, ko kana da mayafi? Yaron ya farka, wai sanyi yake ji."

Dallatu ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mata.

"Shigo ka gan shi mana," ta ce.

Ya bi ta har bakin ƙofa. Sanyin ɗakin ya taɓa masa ƙafafu, sai ya ja ya tsaya.

"Je ki, 'yata," ya ce. "Akwai wadda ya kamata ta riga ni shiga."

Daga shekarar nan ɗakin bai ƙara zama wayam ba. Har Dallatu ya rasu shi ke yaɓe shi duk kaka, amma daga waje.