Mai Gadin Ruwan Shiru

Wendell Tollefson ya tsufa yana gadin wani faffaɗan tanki a ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa, a wata jami'a a jihar Minnesota ta Amurka. Ruwan cikinsa ko idon sawu bai kai ba. An jera sandunan tagulla a ciki, inji na turo ƙananan igiyoyin ruwa, su bugi sandunan su watse. Idan bugun ya dace da tazarar sandunan, sai ruwan ya amsa, ya yi tozo a tsakaninsu. Wannan tozon ɗalibai ke aunawa, kuma ko tari aka yi kusa, awon ya lalace.

Saboda haka Wendell ya kafa doka. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, har farfesa. Mai atishawa ya kai abarsa waje. Ran Lahadi kaɗai yake sakin murya, cikin mawaƙan cocinsu, a sahun baya inda ake ɓoye masu kaurin murya da ba a taɓa ba su baiti su kaɗai ba.

Marisol, ɗalibar da digirinta ya rataya a kan tankin, ta shiga uku a zangonta na ƙarshe. Wani baƙon tozo ya riƙa fitowa a awonta, inda lissafi ya ce babu komai. Idan bai ɓace ba, ba ta da abin nuna wa masu jarrabawa.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji Wendell. "Ɓarawon nan sai na kama shi."

Ya kashe firji, abincin mutane ya lalace. Ya hau sama ya yi wa 'yan sashen rawa wa'azi, wai dirinsu ne ke girgiza ruwan. Kullum sai ya dawo, ya jingina tumbinsa da bakin tankin, ya zuba wa ruwan ido yana tunani. In kuwa yana tunani, waƙar Lahadi yake gunguni a maƙoshi, bai sani ba. Marisol ta dubi tumbin, ta dubi ruwan da ke rawa, ta gane.

Faɗa masa fa? A Minnesota ko ƙafarka aka taka, kai ne za ka ba da haƙuri. Sai ta sayo kwalin donot, fanken Turawa, ta ajiye gabansa. Baki cike, maƙoshi shiru, ruwa ya kwanta luf. Awo ya fara tafiya sumul.

Abin da ta manta shi ne, ɗan garin nan ba ya cin na ƙarshe. Da ya rage ɗaya, Wendell ya yanka shi biyu, ya ci rabi. Ya sake raba rabin. Da abin ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, ya ajiye wuƙa, ya jingina, ya ɗauko waƙa.

"Cinye mana, Mista Wendell!"

"Haba, wani zai so."

"Wa? Tururuwa?"

"Ga shi nan ya dawo!" Ya nuna allon kwamfuta. "Munafuki!"

Marisol ta runtse ido. "Kai ne. Waƙarka ce, ta tumbinka take shiga ruwan."

Ya yi tsit. Tozon ya faɗi. Ya yi gyaran murya, ya ja sauti guda mai kauri, tozon ya miƙe kamar an kira sunansa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Duk wannan tsayin nawa ne? Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

"To, ki buga mini shi a takarda. Ya kamata shugabar mawaƙan cocinmu ta gani."

Ya kwashi kujerarsa ya koma bakin ƙofa wajen takalma, yana korar masu wucewa. Marisol ta gama awonta, ta ci jarrabawarta. Guntun donot ɗin kuwa yana nan cikin kwali, ba a samu mara kunyar da zai ɗauka ba.