Ranar da na mayar da "to" ɗin abokina biyu

Shekarun baya, mu biyu muka bar Filinge zuwa Yamai koyon aikin hasumiyar filin jirgi, wato yi wa matuƙa jagora ta rediyo: ni da abokina, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Tun muna lekol, makarantar boko, ni ne na ɗaya, shi yana biye. Muna isa Yamai abin ya juye. Turancin rediyon nan ya zauna masa daram a baki, ni kuwa da na danna makirfo sai harshena ya yi nauyi. Da muka je hutu, mahaifiyata da kanta ta ce, "An ce ɗan maƙwabta shi ka sabkar da jirage. Kai hwa, mi kakai can?" Na yi dariya, amma maganar ta yi mini zafi. Kishi nake, ba shi da wani suna.

Aibi ɗaya na gano masa. In ya dakata zai duba takarda, sai "to" ɗinmu ta gida ta suɓuce masa. A rediyo kuwa "to" da "tu", biyun Turanci, kusan abu ɗaya ne a kunne. Yawanci a farkon magana take faɗowa, inda ba ta ɓata komai, shi ya sa mushe, wato malaminmu, wanda ba ya jin Hausa, bai kula ba. Ni na kula. Kullum tare muke shan shayi, ban taɓa gaya masa ba.

Jarrabawar ƙarshe a kan saukar da jirgi cikin hadari ce, lokacin da matuƙi ba ya ganin ƙasa, sai na'urorinsa da muryar hasumiya. Doka ita ce duk umarnin da aka ba matuƙi ya maimaita shi, hasumiya ta saurara ko ya ji daidai. Ba jirgin gaske ba ne: ɗalibi ɗaya yana hasumiya, wani yana ɗakin gefe a matsayin matuƙi. Wanda ya zo na ɗaya shi za a bari a Yamai, saura a watsa su ƙananan filayen jirgi. Sai aka ce ni ne matuƙin abokina.

Ya ba ni umarni in sauko zuwa matakin da zan fara shirin sauka. Ya dakata, ya ce, "To… faif ziro." Hamsin ke nan, wato ƙafa dubu biyar a lissafin matuƙa. Wallahi na san abin da yake nufi, da wannan "to" aka yaye mu. Amma na gyara murya na maimaita, "Tu faif ziro." Ɗari biyu da hamsin, ƙafa dubu ashirin da biyar, can sama, daidai inda mushe ya sa wani jirgi yana wucewa.

Shiru ya biyo baya, kamar na numfashi biyu. A cikin shirun nan na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na hango kaina a hasumiyar Yamai.

Sai muryarsa ta dawo, ko rawa ba ta yi. Ya ce a'a, ya sake faɗin lambar ɗaya bayan ɗaya, ya sa na maimaita. Da aka tashi, mushe ya ce kama kuskuren maimaici shi ne zuciyar aikin, kuma a ajin nan mutum ɗaya ya ga ya yi shi yadda ake so.

A waje abokina ya rungume ni. "Ɗan'uwa, ka hisshe ni," in ji shi. "Kai ɗai ka jin wagga 'to' tawa. Da jirgin gaskiya na, mutane nawa za ni kashewa?" Shi a zatonsa gata na yi masa.

Shi aka bari a Yamai, ni aka tura ni wani ƙaramin fili a arewa, inda wata rana akuyoyi sun fi jirage yawa. Na daɗe da daina jin zafin wannan. Abin da bai bar ni ba shi ne daɗin da na ji cikin shirun nan, don ranar na san iyakar inda kishi zai iya kai ni.

Har yau, duk sallar da muka haɗu a Filinge sai ya ba mutane labarin yadda na cire masa "to" daga baki. Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ankai ba?"

Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "To."