Yarinyar da Ban Ƙirga Ba

Mutumin lajna ya zo mana da hantsi, ina tsakar wankin kayan jaririya. Lajna ita ce kwamitin unguwa da aka kakkafa bayan sojoji sun karɓi mulki. Katin sukari a hannunsu yake, kowace takarda ma sai da hatiminsu. Ya tsaya a ƙofar gidanmu na unguwar Dar Salam ya tafa hannu, da ƙaton littafi a hammata, alƙalami a maƙale a kunne. Maigidana ya tafi ɗinkinsa a kasuwar Suk Libya tun da sassafe. Daga ni sai Iya, mahaifiyarsa, tana zaune a inuwar rumfa tana tsintar wake.

Ya tambayi sunan mai gida, Iya ta faɗa masa kai tsaye, don maigidana autanta ne. Sannan ya juyo gare ni da Larabci.

“Awladik kam?” Wato ’ya’yana nawa.

Uku ne. Ga jaririya a bayana, ga namijin ɗan shekara uku yana cin ƙasa a gindin tulu, ga babbar, ’yar shekara shida, ta bi mai amalanken ruwa da ’yan unguwa. To amma babbar ’yar fari ce. A gidanmu, tun muna ƙauye a yankin Jazira iyayenmu na tsinkar auduga, mace ba ta buɗe baki ta ce ’yar fari tata ce, balle a gaban suruka. Ga shi kuma sunan Iya aka sa mata. Shekara shida ban taɓa kiran sunan nan ba. “Ke” nake ce mata, ko “wannan”. Iya ce ke kiranta takwara, a ɗakin Iya take kwana, a kwanon Iya take ci.

Na dubi Iya ko za ta cece ni. Ko kai ba ta ɗaga ba.

“Ce masa alhamdu lillahi,” ta ce da Hausa. “Mutane ba awaki ba ne da za a tsaya a ƙofa ana ƙirga su.”

Mutumin ya ce littafinsa ba shi da gurbin alhamdu lillahi, lamba yake so. Rana na dukansa, gumi na ɗiga a takardar. Na ce biyu. Ya rubuta, ya wuce gidan gaba. Na koma kan wankina har ina jin daɗi a raina cewa na nuna tarbiyya.

Wata biyar bayan nan aka fara ɗaukar yara a makarantar ’yan mata da ke bayan tashar mota. Ni aji uku na yi aka cire ni, kuma na sha alwashi yarinyar nan sai ta wuce inda na tsaya. Na wanke ta, na yi mata kitso, muka tafi. Shugabar makarantar ta nemi takardar haihuwa. Na ce a ƙauye aka haife ta, a ɗaki, ungozoma ba ta ba da takarda. Ta ce to in kawo shaidar lajna cewa yarinyar ’yar gidan ce. Ranar Alhamis za ta rufe rajista, aji ya kusa cika, wanda ya makara sai baɗi.

Ranar Lahadi ce. Daga nan na zarce ofishin lajna, wani ɗaki mai benci ɗaya da fankar da ba ta juyawa. Mutumin nan dai na tarar. Ya lashi yatsa ya buɗe littafin, ya bi layi har ya zo kanmu.

“Biyu.”

“Uku ne.”

“Ke kika ce biyu, ko ni na ce?”

“Ni na ce.”

“To cikin wata biyar kin haifi ’yar shekara shida? Masha Allah.” Waɗanda ke kan benci suka yi dariya. Ya rufe littafin. “Mun san wannan, ya hajja. A ɗauko ’yar ’yar’uwa daga Jazira a ce ta gida ce, don a ƙara sukari. Wannan ba ta cikin lissafi.”

Yarinyar na tsaye a gefena, tana jin Larabci fiye da ni. A hanya ta tambaye ni mene ne ba ta cikin lissafi. Na ce ta yi shiru ta kula da mota.

Da maigidana ya dawo da magariba na zayyana masa komai. Maimakon ya tashi, sai ya gyara zama ya fara yi mini karatu. Wai ƙirga daban, ƙidaya daban, lissafi daban. Ƙirga ita ce ɗaya, biyu, uku, yadda yake yi wa maɓallan riga. Ƙidaya ta hukuma ce, da littafi. Lissafi kuwa shi ne a san da kai, a ajiye maka wuri, shi ya sa ake cewa wane ba a lissafi da shi. Wai abin da Iya ta hana ƙirga ce, ni kuma na je na ɓata lissafi.

“Malam, duk na ji. Wanne daga ciki zai sa ta a aji kafin Alhamis?”

Can sai fuskarsa ta washe. “Ai da sauƙi. Awlad a Larabci yana nufin ’ya’ya, yana kuma nufin maza zalla. Ki ce masa kin zaci maza yake tambaya.”

“Maza nawa gare ka?”

Ya dubi namijin, ya dubi jaririyar da ’yan kunnenta na zare. Ya ce shi dai gobe yana da ɗinkin biki, mutum goma sha ɗaya ke jira, ba zai iya rufe shago ba. Waɗannan kam ya ƙirga su daidai.

Litinin na koma, aka ce mutumin ya tafi unguwar Alsawra ta’aziyya. Talata na same shi, ya ce in kawo shaidu biyu maza masu katin ɗan ƙasa. A layinmu masu katin ba su da yawa, kuma duk suna fita tun duhu neman aikin yini. Na tsaya ina roƙonsa, jaririya na tsala kuka, har ya gaji.

“Kawo tsohuwar nan da ta ce mini awaki,” ya ce. Ashe yana jin Hausa kaɗan. “Ta rantse a gabana, ke ma ki faɗa da bakinki.”

Iya ta ce ba inda za ta. Ta haifi tara ba wanda ya rubuta su a littafi, ga su nan sun girma. Na ce Iya, huɗu ne suka girma. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Da dare ban iya cin tuwo ba. Laraba da safe ina hura wuta na ga ta fito da farin mayafinta na zuwa unguwa, ta riƙo hannun takwararta.

Ofishin a cike yake da masu karɓar katin sukari. Mutumin ya buɗe littafi, ya nuna yarinyar da alƙalami.

“’Yar wa ce?”

Na jira Iya. Iya ta zuba wa fankar ido.

“Ke nake tambaya. ’Yar wa ce?”

“Tawa ce.”

“Ban ji ba.”

“’Yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari.”

“Sunanta?”

Ga mai sunan a tsaye, kafaɗarta na gogar tawa. Na faɗa. Yarinyar ta ɗago da sauri ta dube ni, kamar wani baƙo ne ya kira ta. Iya ta ɗora hannu a kan Alƙur’anin da ya miƙo, ta ce jikarta ce, a hannunta aka yanke cibiya, kuma Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya sa ido a kan yaran gidanta. Wannan na ƙarshen da Hausa ta faɗa. Ya yi kamar bai ji ba. Ya soke biyu ya rubuta uku, ya hura wa hatimi iska ya buga.

Ban koma gida ba, makaranta na nufa da takardar a cikin rigata. Shugabar ta karanta, ta rubuta sunan a can ƙasan shafi, ta ce benci ya ƙare, yarinya ta zo da abin zamanta.

Da muka dawo Iya ta turara yaran uku da hayaƙin habbatus sauda har suna tari, saboda baki. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba sai da ka. Ranar Asabar da aka fara karatu, ta ɗauki ’yar kujerarta ta tsakar gida, wadda ba mai hawa sai ita, ta ɗora wa yarinyar a ka, ta ce mini in tsaya in ga wankin da na jiƙa, ita za ta raka ta.