Sixten da Motar Ƙaura

Sixten Forsgren bai taɓa karanta littafin tattalin arziki ba, amma tattalin arziki ya karance shi tsaf. Masana a Stockholm suka yanke cewa kamfanin da ya kasa biyan albashi irin na manya gara ya mutu, ma'aikatansa su koma inda ake riba. Sai kamfanin yankan katako na ƙauyensu, can arewacin Sweden, inda Sixten yake aiki, ya mutu bisa ƙa'ida. Gwamnati ta aiko da motar ƙaura kyauta.

Ya shiga masaƙa a Borås, aka rufe ta. Ya koma ƙirar jiragen ruwa a Göteborg, nan ma aka rufe. Kullum yana ce wa matarsa Gunborg zaman na ɗan lokaci ne, za su koma gonarsu ta dankali.

Da ya yi ritaya suka je. An dasa itatuwan katako layi-layi a gonar, har inda ɗakin girkinsu yake a da.

"To tsoho, ga gida," in ji Gunborg. "Shiga mana, ko iso kake jira?"

Sixten ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon itatuwan.

"Su dai an bar su sun zauna wuri ɗaya," ya ce.