Mai Surutun Cikin Kaset ɗin Merle

Merle Haugen bai yarda da kowa ba, kuma duk unguwarsu a garin Eugene an san haka. Tsohon makanikin bas ne, amma tun da ya ajiye aiki garejinsa ya daina warin mai, ya koma warin tsohuwar roba. Kaset ne jere daga ƙasa har rufi, duk na wasannin da mawaƙan jita suka yi a zamanin samartakarsa. Yawancinsu shi ya ɗauka da hannunsa, rikoda a cikin riga, makirufo a maƙale cikin malafa, yana tsaye ƙiƙam cikin jama'a, ko tari ba ya yi.

Doka ɗaya ce a tsakanin masu wannan harka: kaset musayarsa ake yi, ba a sayar da shi. Wani da Merle ya ɗauka aboki ya taɓa karɓar kwafi a hannunsa, sai ga shi a kasuwa da bango mai sheƙi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, daga ranar ya rufe ƙofa.

Maƙwabciyarsa Dottie ce kaɗai ke shiga garejin, ita ma tsiya ke kawo ta. In ta tarar ya sa tsohon kaset cikin injin busar da tuffa, don zaren ya daina danƙo, sai ta ce, "Tsoho, yau ma kaset za mu ci? A zuba masa kirfa?"

"Taɓa min shi ki gani," in ji shi.

Dottie ce ta kawo masa wata mata mai suna Corinne Vasko, wadda za ta kai shekara hamsin. Kaset ɗin wani wasa take nema, wanda aka yi a filin baje koli lokacin tana jaririya. Merle ya ƙare mata kallo. Takalminta sabo, jakarta babba, kuma da ya tambaye ta waƙar da ta fi so a wasan, ta rasa ta cewa.

"To me za ki yi da shi, baiwar Allah?"

"Ji kawai zan yi, Baba. A ina ka tsaya ranar? Kusa da dandamali?"

Nan ya tabbatar. Ai dillalai ne ke tambayar inda aka tsaya, don su san kyan sauti kafin su yanka farashi. Ya ce ta bar jakar a waje, wayarta kuma ta miƙa wa Dottie. Za ta ji a nan, amma ko inci ɗaya na zare ba zai fita garejin ba.

Wannan kaset kuwa shi ne abin alfaharinsa. Ranar wasan wani ƙato ya tsaya a gefensa yana ta zuba, yana bin waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Merle ya shafe shekaru yana tsine masa, ya kuma ɓata damina guda a gaban kwamfuta yana kankare muryar, har sai da jita ta fito tas. Gyararren ya kunna mata, ya harɗe hannu yana lura da fuskarta.

Corinne ta saurara, ta saurara, fuskarta na sauyawa.

"Ina mutanen?" ta tambaya.

"Na share su. Aikina ke nan."

"Mahaifiyata ta ce babana ya tsaya kusa da wani mai malafa, wanda ko motsi ba ya yi. Ta ce ya ishi kowa da surutu. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu. Ban san muryarsa ba, Baba."

Merle dai bai sake jiki ba, don ya sha jin labarai masu daɗi daga bakin maƙaryata. Ya tambaye ta sunan uwar, ta ce Lorna. Sunan nan kuwa da kansa ya goge shi daga kaset ɗin sau ba adadi.

Ya ɗauko na asalin daga saman kanta, ya ce ta dawo gobe, sai kaset ɗin ya sha ɗumi a injin busar da tuffa kafin ya juyu.

Washegari Dottie ba ta yi tsiya ba. Zaren ya fara tafiya, ga tafi, ga fito, sai ga ƙaton nan tamkar yana cikin garejin. "Lorna, ɗaga ta sama ta gani mana! Dubi yadda take dariya. Wallahi yarinyar nan ta fi ki kunnen kiɗa." Ya kama amshi, ya ɓata shi, ya yi wa kansa dariya. Corinne ta rufe bakinta da hannu.

Can sai wata murya ta shigo, ta Merle kansa yana saurayi, dab da makirufo, cike da haushi: "Malam, don Allah yi mana shiru."

"Yi haƙuri, abokina," in ji ƙaton.

Merle ya san abin da ya rage, don ya sha yaba wa wannan ɓangaren. Daga nan har ƙarshen kaset mutumin bai ƙara cewa uffan ba. Corinne ta zauna tana jira, waƙa bayan waƙa, Merle kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai.

Da zaren ya ƙare ta ce, "Mayar min da shi farko, Baba."

Ya mayar. Kafin ya kunna, ya ɓare ledar sabon kaset ya sa a ɗaya injin, ya danna ɗauka.