Mutanen garin da aka ƙona

Adabin Ingilishi nake koyarwa a nan Madina, tun daga littattafan zamanin mulkin mallaka har zuwa na bayan yaƙin duniya na farko. Wata Juma'a bayan la'asar na je unguwar Jurf gaida kakata, da littafin da zan koyar a hannuna. Ta zuba mini shayi da na'ana'a, ta ce, "Maigida, ba ni labarin da ke ciki mana."

Na gyara zama, ina Hausa ina cikewa da Larabci. Labarin wani hafsan sojan Ingila ne da aka tura ƙasar baƙar fata. Na faɗa mata yadda zazzaɓi ya kayar da shi, da kewar gida, da yadda barci ya ƙaurace masa bayan ya sa an ƙona wani gari. Har muryata ta yi rauni don tausayinsa.

Ta ce, "Allah sarki. To, mutanen garin fa, ina suka nufa?"

Na yi ta juya shafuka. Layi ɗaya aka ba su: sun watse cikin daji. Shekara da shekaru ina koyar da littafin, ban taɓa tambaya ba, alhali na san a goye aka fito da mahaifinta daga ƙasar Hausa, ana gudun Nasara.

Na ce, "Kaka, marubucin bai faɗa ba."

Ta turo mini farantin dabino, ta ce, "Ci, ai ga mu nan."