Romon da Baba Bai Sha Ba

Shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla, Baba yana kwance a asibiti a Shika da ciwon ƙoda. Ya daina cin komai, romon kaza irin na Inna kawai yake nema.

Lokacin ko ƙwai ka saya a Samaru sai an bi ka da kallo. Inna ta je har kasuwar Sabon Gari, ba kaza ko ɗaya. Wata Bayarabiya da muka saba ciniki da ita ta kamo mata zakara daga gida, ta ce, "Mama, ki dafa shi sosai, ba komai."

Ta dafa ta kai. A bakin ƙofa yayan Baba ya tare ta. "Kashe shi za ki yi?" Ya fizge kular ya juye a kwata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kullum sai Baba ya tambaya, Inna ta ce, "Gobe, Malam."

Ciwonsa ne ya ɗauke shi. Bayan sadakar bakwai muka ji likita a rediyo yana cewa kazar da ta dahu ba ta da illa. Inna ta tashi ta kashe rediyon.